Gwadon Iya Ya Riga Ta Zuwa Ɗa'ifa

Duk wanda ya taɓa cin bazara a Jidda ya san abin da ake kira zafi. Teku ce ke turo wa gari gumi, mutum ya yi wanka, kafin ya zura riga ya sake jiƙewa. A irin wannan lokaci masu hali sukan kwashi iyalansu su haura Ɗa'ifa, garin kan duwatsu, garin inabi da rumman, inda aka ce har bargo ake rufa. Mutanen unguwar Karantina kuwa sai dai su fito da tabarmi ƙofar gida, su yi ta fifita suna jin labari.

Haladu, mazaunin Karantina, direban wani attajiri ne da ke da ofis a unguwar Bagdadiyya. Tun da aka buɗe sabuwar hanyar Hada, wadda ta naɗe dutse kamar rawani, ya sha kai iyalin maigidansa Ɗa'ifa, ya sauke su ya juyo a ranar. Inabin garin da ido kawai ya san shi. Sai bana Allah ya kawo dalili. Yayan matarsa, Abdulghaffar, ma'aikacin ofis ne mai farar riga da alƙalami a aljihu, kuma mahaifin wani abokin aikinsa yana da lambu a bayan garin Ɗa'ifa. Dattijon ya ce su zo da iyali su kwana biyu. Maigidan Haladu ma ya yi abin kirki, ya ba shi hutu, ya ara masa tsohuwar Fijo.

Na ce Haladu, amma a Jidda ba mai kiransa haka. A wurin aiki Khalid ne. Matarsa Zakiya, haifaffiyar unguwar Ammariyya, takan ce Abu Jamila. Wanda ke kiransa Haladu mahaifinsa ne, Malam Adamu, shi kuwa ya daɗe a ƙasa. Saura mutum ɗaya da sunan ke bakinta, ita kuma ba za ta faɗa ba ko da wuƙa a wuya, domin Haladu ɗanta ne na fari.

Iya Dela ke nan. Daga ƙasar Haɗeja suka taso ita da mijinta a ƙafa, da niyyar Hajji. A Maiwurno ta Sudan ta haifi Haladu, suka yi shekaru suna noman auduga kafin su haye teku. Tun ranar da ta haife shi take jin kunyarsa irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta cin abinci a gabansa. In tana da magana da shi, sai ta dubi Zakiya, ko jikarta Jamilatu, ko ma bango in ba kowa, ta ce, "Ku ce wa mai motar nan kaza da kaza." Shi kuma yana tsugune gefe, ya amsa wa bangon.

Tsohuwar nan manomiya ce aka dasa a garin da ko ciyawa sai an lallashe ta. Abin da ya rage mata na noma shi ne yakuwa a cikin wata tsohuwar garwa a bakin ɗakinta. A kan garwar take alwala, don kada ɗigo ɗaya ya tafi banza. Tun da aka fara zancen Ɗa'ifa a gidan, kunnenta na wajen. Jamilatu ta zo ta ce an ce can ruwa na gudu a ƙarƙashin itatuwa, an ce ana ruwan sama da rana tsaka. Iya ta ce, "Ikon Allah," ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, amma hannun ya rage sauri.

To, akwai abin da duk ɗan gidan Hausa ya sani ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba. Babba ba ya amsa tayin farko. Ka kawo masa nama ya ce ya ƙoshi, ka kawo zane ya ce yana da shi. Sai ka koma, ka sake komawa, ka nemi wanda yake jin nauyinsa ya sa baki, sa'annan ya ce, "To, tun da kun matsa." Ba ƙarya ba ce, kara ce. Balle kuma uwa da ɗan fari. Haladu ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Ko turmin atamfar Sallah sai ya bi ta hannun Goggo Mastura, maƙwabciyarsu kuma ƙawar Iya tun Sudan, kafin a karɓa.

Ana jibi tafiya ya je bakin ɗakin Iya ya tsuguna.

"Iya, za mu haura Ɗa'ifa. Ko za a zo a sha iska?"

Iya ta dubi garwar yakuwarta. "Ku ce masa ina ni ina hawan dutse. Yara dai su je."

"Hanyar kuwa akwai kwana-kwana," in ji Haladu, "ga sanyi."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Shi ke nan. Bai koma ba, bai je wurin Goggo Mastura ba. Da Zakiya ta tambaye shi, ya ce da ita, "Ta ƙi." Kuma ai bai yi ƙarya ba, abin da ya yi ta gaya wa kansa ke nan.

Gaskiyar magana, kunya yake ji, amma ba irin ta Iya ba. Ya hango tsohuwarsa a lambun Larabawa, da zanen Haɗejawa a kumatunta, da bakinta ja da goro, da Larabcinta da bai wuce na cinikin gyaɗa ba. Ya hango ta durƙusa tana jero gaisuwa, lafiya lau, lafiya lau, yaran masu lambu suna ƙyalƙyala dariya suna cewa Takruniyya, sunan rainin da suke kiran mutanen ƙasar Hausa da shi. Ya hango Abdulghaffar na gyara zaman alƙalaminsa yana kallon gefe. Shekarun da ya yi yana goge harshensa har ya zama Khalid, yana ganin yini ɗaya zai rushe su. Sai ga Iya da bakinta ta buɗe masa ƙofa, shi kuwa ya bi ta da gudu.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, aka yi ta loda kaya. Jamilatu ce mai jigila, tana ɗauko duk ƙullin da ta gani a tsakar gida. Tabarmi, risho, butar shayi, tukunya, da wata ƙatuwar kankana da Haladu ya sayo. Kai kankana Ɗa'ifa dai kai ruwa rijiya ne, amma ya dage. Da aka rasa mata wuri a baya, sai aka zaunar da ita a kujera, jikin ƙofa, kamar fasinja.

Iya na zaune a kan tabarmarta a ƙofar gida. Haladu ya tsuguna ya yi sallama, idonsa a ƙasa. A nan ƙasan ya ga ƙafafunta cikin takalmin da ya sayo mata da Sallah, wanda ba ta sawa sai za ta unguwa. Ya kawar da kai da sauri.

"Ku ce wa mai mota ya bi a hankali," in ji Iya. "Allah ya kiyaye hanya."

Suka ɗauki Abdulghaffar a Ammariyya, ya zauna gaba yana ƙamshin turare. Suka ratsa Makka gari na wayewa, suka wuce Arfa, sai ga dutsen a gabansu ya tokare sama. Fijo ta fara nishi. Mahmud, ƙanen Jamilatu, ya ce kunnensa ya toshe, aka ce ya haɗiye yawu. Birai suka fito gefen hanya suna zaune kamar masu jiran rabon zakka, yara suka yi ta ihu suna jefa musu gutsuren burodi. Zakiya ta zuge gilashi, iska mai sanyi ta shigo, ta ce, "Ya salam! Ashe haka duniya take?"

Kowa na murna ban da direba. Duk kwanar da ya sha, sai kankanar nan ta gangara ta daki ƙofa, dum. Ya sha wata, dum. Ya dubi madubi, ba abin da yake gani sai wurin zaman mutum guda cif, an ba kankana.

"Ya akhi, yau ka yi shiru," in ji Abdulghaffar.

"Hanya nake kallo."

Da hantsi suka isa. Lambun na cikin wani kwari, an kewaye shi da katangar dutse. Inji na buga rijiya, ruwa na bin ƴan magudanai yana ratsa gindin rumman da ɓaure. Inabi kuwa an yi masa rumfuna, nonnansa na reto, baƙi da fari, mutum sai ya sunkuya ya wuce. An ce a wasu ƙasashe irin wannan ake matsewa a yi giya. Nan dai ci ake yi, abin da ya saura a shanya ya zama zabibi.

Mai lambun, Amm Othman, gajeren dattijo ne mai fara'a. Ya rungume Abdulghaffar, ya rungume Haladu, ya ce gida nasu ne, duk wanda ya tambayi izini kafin ya tsinki inabi ya yi masa laifi. Yara suka bazama. An ɗaura lilo a jikin wata bishiya, Jamilatu ta haye, ƴaƴan gidan na tura ta. Mahmud ya samu jaki, aka ɗora shi, ya ƙanƙame wuyansa yana kuka yana kuma cewa kada a sauke shi. Mata suka shige da Zakiya ɓangarensu, nan da nan aka ji dariya. Maza suka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfa, aka ɗora shayi, aka hura gawayi don gashi.

Haladu ya tsinki inabi ya kai baki. Zaƙi kamar zuma, ga sanyi. Sai ya tsinci kansa yana cewa a ransa, wannan ai ko marar haƙori zai iya. Ya ajiye sauran.

Can ƙuryar rumfar, inda inuwa ta fi kauri, an jera matasai, wata tsohuwa na kishingiɗe. Ƴar ƙauye ce ta sosai, fatarta duk ta tattare, ga shuɗin zane a haɓarta da goshinta, ba haƙori ko ɗaya. Tana ta faɗa da kaji da wani irin Larabci da Haladu bai kama rabinsa ba. Amm Othman, da furfurarsa, ya je ya zauna a gabanta, ya fasa rumman, yana zare ƴaƴan yana zuba mata a tafin hannu. Ta ce ya yi tsami, ya ɗauko wani.

"Ummi ke nan," ya ce da baƙinsa, yana dariya. "Ita ce hukumar lambun nan. Kai fa, Khalid, mahaifiyarka na raye?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Haladu ya ji gumi ya karyo masa a garin da ake rufa da bargo.

"Tana raye. Na yi mata magana, ta ƙi."

"Ta ƙi? Ai tsofaffi haka suke. Ni sai na rantse mata take shiga mota." Dattijon ya koma kan rummaninsa, bai san ya soki wani ba.

Aka ci gasasshen nama, aka ci shinkafa da madara irin ta mutanen garin. Aka fasa kankanar Jidda, masu lambu suka yaba don kara, kaji suka cinye fiye da rabi. Bayan azahar sai gari ya canza. Hadari ya taso daga bayan duwatsu, iska ta kaɗa, yara suka fara ɗari. Zakiya ta kira mijinta bakin mota ya buɗe mata baya, tana neman abin da za ta lulluɓa wa Mahmud. Ta ja wannan ƙulli, ta ja wancan, sai ta ci karo da wani da ba ta san shi ba. Ta kwance.

Gwado ne, saƙar hannu, fari da ratsin baƙi. Haladu ya san shi tun yana yaro. Da shi Iya ta fito daga gida, da shi aka lulluɓe shi a sanyin Sudan. Tun da suka sauka Jidda yake ƙasan akwati, don ba abin da za a yi da gwado a Jidda. Yanzu ga shi an wanke, an shanya, yana ƙamshin turaren wuta. A cikinsa an naɗe carbi, da goro biyu a ɗanyen tsumma, da ɗan magogin da Iya ke goga goro da shi tun da haƙoranta suka zube, da wani gwangwanin madara wanda ba komai a ciki.

"Jamila!" Zakiya ta ƙwala kira. "Ta'ali, zo nan. Wa ya sa wannan a mota?"

Yarinyar ta zo tana haki, bakinta duk ruwan inabi. "Ni ce. Na Iya ne. Shekaranjiya ta ɗaure, ta ce in Baba ya sake magana in sa mata a mota. Da safe na gan shi a bakin ƙofa, sai na haɗa da sauran."

"Gwangwanin fa?"

"Ta ce baƙar ƙasa za ta ɗebo wa yakuwarta."

Ta koma wurin lilo da gudu. Zakiya ta juyo ta dubi mijinta.

"Abu Jamila, sau nawa ka yi mata magana?"

Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ka aika Goggo Mastura?"

Ya girgiza kai.

"La haula. Ka ce mini ta ƙi, na ɗauka an yi duk abin da ake yi. Ni da aka haifa a Ammariyya ma na san ba a yi wa Iya tayi ɗaya." Ta rage murya. "Kunyar wa kake ji? Abdulghaffar? Wallahi kakarmu da zanenta a fuska ta mutu, shi ne ma ɗan gatanta. Aib alaik, ya Khalid, abin kunya ne wannan."

Ana cikin haka ruwa ya sauko. Manyan ɗigo, jefi-jefi, sa'annan ya ɓarke. Yara suka fito fili suna tsalle, manya suka ruga ƙarƙashin rumfa. Ƙasa ta saki ƙamshin nan nata na ruwan fari. Haladu na tsaye a bayan mota rungume da gwado don kada ya jiƙe, ƙamshin na shiga hancinsa, yana jin kamar sata yake yi. Wannan ƙamshin ba nasa ba ne. Na matar da ke alwala a kan garwa ne, ita ce ta shekara talatin tana jiran sa, shi kuwa ya bar ta zaune da takalmi a ƙafa.

Da ruwan ya tsagaita ya je ya sami Amm Othman, ya ce zai sauka Jidda ya dawo gobe, ya yi mantuwa. Abdulghaffar ya ce wace irin mantuwa ce ba za a saya a kasuwar Ɗa'ifa ba? Zakiya ta ce da yayanta, "Halas, ya isa, bar shi ya tafi."

Saukowa ta fi hawa wuya, ga santsi, ga hazo. Birai duk sun shige. Ba kankana yanzu, amma bai daina jin dum ɗin nan ba. Yana sauka zafi na ƙaruwa, har ya shigo Jidda bayan magariba, iska ta rufe shi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Bai nufi gida ba, sai gidan Goggo Mastura.

Goggo Mastura na kwashe kayan wainarta. Ta ɗaga fitila ta haska fuskarsa.

"Au, direba. Har an ƙoshi da inabin?"

Ya tsuguna ya gaya mata abin da ya kawo shi. Bai ɓoye komai ba, don ba a ɓoye wa Goggo Mastura abu.

"Ai na sani," in ji ta. "Jiya wuni na yi ina gyara ɗaurin kallabi, ina jiran ka aiko ni. Yau kuwa, bayan kun tafi, tana nan zaune a ƙofa har rana ta take. Na ce, Dela, shiga ciki mana. Ta ce iska take sha. Iska a Karantina! Sai da ta tabbata motar ba za ta juyo ba ta cire takalmin." Ta tsuke baki. "Kai dai ka ji kunya. Matar da ta goyo ka daga Maiwurno har bakin teku, kai ka kasa goya ta a mota. Je ka kwanta, da safe na zo."

Da safe Goggo Mastura ta shigo da sallama, ta zauna a bakin tabarmar Iya. Haladu ya tsuguna nesa kaɗan, ya ajiye ƙullin a tsakani. Iya ta ga gwadon, ta kawar da kai. A fuskarta ya ga abin da ya fi faɗa ciwo. Kunya ce ta kama ta, an gano tana so.

"Dela, yaron nan ya dawo ɗaukar ki."

"Ku ce masa ya wahalar da kansa. Gwadon ai yara na sa wa, an ce akwai sanyi."

"To, magogin fa? Yaran ne ke goga goro?"

"Mantuwa ce."

"Gwangwanin ma mantuwa ce?"

Iya ta shiga murza bakin zanenta.

"Iya," in ji Haladu, "a yi haƙuri. A zo a je."

"Ku ce masa ƙafata na ciwo."

"A ka za ki je?" in ji Goggo Mastura. "Ke dai tashi. Ya bar mata da ƴaƴa a kan dutse, ya sauko har Jidda saboda ke. In kin ƙi, ni zan shiga motar, in je in ce ni ce uwarsa, in cinye inabin."

Aka yi ta ja, Iya na kawo dalili, Goggo na turewa. Wa zai ba yakuwa ruwa? Goggo za ta ba ta. Wa zai tsare gida? Me ke cikin gidan da ɓarawo zai wahalar da kansa? Daga ƙarshe Iya ta yi ajiyar zuciya.

"To, tun da kun matsa."

Ta faɗe shi yadda aka saba, amma ba daɗin da aka saba ji a ciki. Ta shiga ɗaki ta ɗauko takalmin.

Tun da Haladu ya yi wayo bai taɓa zama shi kaɗai da mahaifiyarsa na tsawon lokaci haka ba. Ta zauna a baya, daidai ƙeyarsa, inda ba za su haɗa ido ba ko a madubi. Ba mai kai saƙo, saboda haka ba magana. Da suka ratsa Makka ya ji tana salati. Da suka fara hawa ya ji ƙarar carbi na sauri, ya rage gudu har manyan motoci na wuce shi. Da birai suka fito ya ji ta yi ƴar dariya, ta kuma haɗiye ta. Can sama, inda hazo ke shafar gilashi, ya ji motsin gwado ana warware shi.

Sun kusa lambun, a wani wuri da hanya ta bi gefen gonaki, sai ya ji ta ce da taga, "Da za a tsaya nan kaɗan."

Ya tsaya. Ta fito a hankali, gwado a kafaɗa, gwangwani a hannu. Ƙasar na nan da damshin ruwan jiya. Ta cire takalmi ta taka da tafin ƙafa. Ta durƙusa ta damƙi ƙasar, ta murza, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Haladu na tsaye jikin mota yana kallon bayanta, yadda ta ƙanƙance, bai san yaushe ta zama ƴar wannan ba. Ta cika gwangwaninta ta danna da babban yatsa, ta dawo ta zauna, ta rufe ƙofa.

Ya tayar da mota. Ga katangar lambun can gaba, ga ƙofa a buɗe. Sai Iya ta sake magana, a hankali, tana duban taga.

"Ku ce wa mai mota ya ajiye ni a gindin bishiyar can, bakin katanga. Nan ma ya ishe ni, ina ganin komai. Ba sai na shiga cikin Larabawansa ba."

Ashe ta sani. Tun ranar da ya ce hanya akwai kwana-kwana ta sani, kuma ko Goggo Mastura ba ta gaya wa ba. Yanzu ma ba gori take yi masa ba, sauƙi take nema masa. Haladu ya ji da ma ƙasar nan da ta ɗebo ta buɗe ya shige. Idonsa ya cika har hanya ta dushe.

Bai tsaya a gindin bishiyar ba. Ya karya kan mota ya shige ƙofar lambun, har tsakiyar fili, gaban rumfar da maza ke shan shayi. Sa'annan ya ɗora hannu a kan ham ya danna, ya ƙi ɗagawa. Kaji suka watse, jaki ya ɗaga kai. Amm Othman ya miƙe, Abdulghaffar ya miƙe, mata suka leƙo, tsohuwar lambun ta fara faɗa daga kan matasanta. Jamilatu ta diro daga lilo ta sheƙo, ita ta fara isowa jikin taga.

Iya ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ja gwado ta rufe rabin fuska, ham bai daina ba, jama'a na ta matsowa. Sai ta kai hannu ta daki kafaɗarsa.

"Kai, Haladu, bari mana!"

Ya ɗaga hannu daga kan ham. Wurin ya yi tsit, sai bugun injin rijiya. Iya ta toshe bakinta da tafin hannu, amma aikin gama ya gama.

Jamilatu ta leƙa cikin motar, ta dubi kakarta, ta dubi kujerun da ba kowa.

"Iya, wane ne Haladu?"

Ya fito ya zagaya, ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofa, ya karɓi gwangwanin ƙasar ya riƙe mata da hannu biyu. Amm Othman na tahowa da hannuwa a buɗe yana marhabin.

"Ni ne," ya ce da ƴarsa. "Matsa ki ba Iya hanya."